John Augustus: Mai Ɗinkin Takalma Da Ya Tsaya Wa Masu Laifi

An haifi John Augustus a garin Woburn na Jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka cikin shekarar 1785. Sana'arsa ɗinkin takalma a birnin Boston. Ba lauya ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba, amma shi ake ɗauka a matsayin wanda ya assasa tsarin sakin mai laifi a hannun wanda zai kula da shi maimakon ɗauri.

A shekarar 1841 ya je kotun 'yan sanda, inda aka gurfanar da wani mashayin giya. Augustus ya roƙi alƙali ya ba shi belin mutumin. Bayan mako uku suka koma kotu tare, mutumin ya natsu, ya bar sha. Alƙali ya ci shi tarar sent ɗaya tak da kuɗin shari'a, bai tura shi kurkuku ba.

Daga nan Augustus ya duƙufa ga wannan aiki. Yakan binciki halin mutum kafin ya tsaya masa, ya nema masa abin yi, kuma ya ajiye labarinsa a rubuce. Ya zuwa 1858 ya karɓi belin mutane kusan 2,000, maza da mata da yara, kuma 'yan ƙalilan ne suka ci amanarsa.

Ma'aikatan da ake biya gwargwadon yawan waɗanda aka ɗaure sun yi masa adawa ƙwarai, sana'arsa ma ta durƙushe. Ya rasu a 1859. A 1878 ne Jihar Massachusetts ta kafa dokar da ta mayar da aikinsa na hukuma.