Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne. Ya hau gadon sarautar Kano a shekarar 1463, ya yi mulki har 1499. Shi ne sarki na ashirin a jerin sarakunan Kano.

Tun kafin ya hau, baƙi sun san hanyar Kano. Wangarawa sun zo daga Mali da addinin Musulunci da dabarun ciniki. A zamanin mahaifinsa, Asbinawa suka riƙa kawo gishiri a kan raƙuma, Fulani suka zo da littattafai, fatake kuma suka fara zuwa daga Gwanja, inda ake samun goro. Abin da ya rage shi ne a tanadar wa mutanen nan wurin haɗuwa, a kuma tsare musu rai da dukiya. Idan baƙo bai sami aminci ba, zai kwashe kayansa ya nufi wani gari.

Rumfa ya gane haka. Ya kafa kasuwar Kurmi a tsakiyar birni. Ya faɗaɗa ganuwa don mutane su sami wurin zama. Ya gina sabuwar fada, wadda ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa majalisar manyan masu sarauta tara domin su riƙa ba shi shawara.

A Kurmi ana samun kayan ƙasashe da yawa. Daga arewa, ta Sahara, ayari yana kawo gishiri, da dawakai, da takarda, da tufafi. Daga kudu ana kawo goro. Kanawa kuma suna da masaƙa, da marina, da majema, da maƙera. Fatun da aka jeme a ƙasar Hausa sukan ƙetare Sahara zuwa Afirka ta Arewa. Akwai kuma cinikin bayi, kamar yadda ake yi a manyan kasuwannin wancan zamani. Wannan ciniki ya raba mutane da yawa da iyalansu.

Ayari ba kaya kaɗai yake ɗauka ba, har da ilimi. Wajen shekarar 1492, wani babban malami mai suna Muhammadu Al-Magili ya iso Kano. Mutumin Tilimsan ne, a ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Rumfa ya karɓe shi da girmamawa, ya nemi ya yi masa bayanin yadda ake mulki. Malamin ya rubuta masa littafi da Larabci. A ciki ya nuna cewa wajibi ne sarki ya yi adalci, ya saurari kukan talakawa, ya guji cin hanci, ya tara dukiyar ƙasa ta hanyar halal. Daga baya Al-Magili ya tafi Gawo, wurin Askiya Muhammadu, sarkin Songai.

Rumfa ya kawo sababbin al'adu a fada, irin su busa kakaki, da figini, da takalman gashin jimina. Zamaninsa bai rasa wahala ba, domin Kano da Katsina sun yi shekaru suna yaƙi da juna. Duk da haka kasuwa ba ta mutu ba.

A ƙarnonin da suka biyo baya, hanyar goro ta ƙara ƙarfi. Fatake suna tashi daga Kano da jakuna, madugu yana gaba. Wasu sukan bi ta Sansanne Mango, wasu ta Jugu da yankin Sokode da Camba, har su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Inda suka yada zango, wasunsu suka zauna, suka yi aure, suka gina masallatai da makarantun allo. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake jin Hausa a garuruwanmu na Togo.

Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Fiye da shekara 500 ke nan, amma kasuwar Kurmi tana ci har yau.

Tambayoyi

1. Me ya sa Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi?
2. Waɗanne kaya ake kawowa Kano daga arewa, waɗanne daga kudu?
3. Wane ne Al-Magili, kuma me ya koya wa sarki?
4. Tambayi wani dattijo a unguwarku ta wace hanya kakanninsa suka iso garinku.