Orville Wright: Mai Gyaran Keken Da Ya Fara Tashi Da Jirgin Sama

An haifi Orville Wright a birnin Dayton na jihar Ohio, a Amurka, ran 19 ga Agusta, 1871. Bai kammala sakandare ba. Ya fara da sana'ar ɗab'i, sa'an nan a 1892 shi da wansa Wilbur suka buɗe shagon kekuna. A shagon nan ne, da kuɗin aljihunsu, suka ƙera jirginsu.

Makanikinsu, Charlie Taylor, shi ya ƙera injin cikin mako 6, mai ƙarfin doki 12. Sai batun inda za a ɗora shi. Ba su sa shi tsakiya ba. Suka gusa da shi dama, matuƙi kuwa ya kwanta rub da ciki a hagu. Da yake injin ya fi mutum nauyi, suka ƙara wa fiffiken dama tsawon inci 4 don ya ɗauki rarar.

Akwai wata matsalar da ido ba ya gani. Idan farfela na juyawa gefe guda, takan murɗa gangar jirgin zuwa ɗaya gefen. Shi ya sa har yau masu haɗa ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya a gida sukan karkata mazaunin injin kaɗan, galibi dama, misalin digiri 1 zuwa 3, don kada hancin jirgin ya riƙa fizgewa hagu wajen tashi. Su Orville ba su bi ta nan ba. Farfela biyu suka sa, suka harɗe sarƙar ɗaya, kowace ta juya saɓanin 'yar'uwarta. Dabara ce ta wanda ya san sarƙar keke.

Ran 17 ga Disamba, 1903, kusa da Kitty Hawk, Orville ya tashi, ya ci ƙafa 120 cikin daƙiƙa 12.

Amma farfelar ce ta kusa halaka shi. A 1908, yana gwada wa sojan Amurka jirgi a Fort Myer, ɗaya ta tsage. Jirgin ya faɗo, Laftana Thomas Selfridge ya mutu, Orville ya karye a ƙafa da haƙarƙari.

Wilbur ya mutu a 1912, Orville ya sayar da kamfaninsu a 1915. Yana raye jiragen farko suka sauka Kano a 1925. Bai taɓa aure ba. Ya mutu a Dayton ran 30 ga Janairu, 1948.