Kwanfushiyas, Malamin Sinawa

Gabatarwa

A tarihin ƙasar Sin babu wanda ya kai Kwanfushiyas tasiri a kan tunanin jama'a da ɗabi'unsu. Bai kafa daula ba, muƙamin da ya samu a fada ma bai daɗe a hannunsa ba. Koyarwa ce ta ɗaukaka shi, don haka ya dace mai shirin zama malami ya san rayuwarsa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a ƙasar Lu, kusa da garin Qufu da ke lardin Shandong na yanzu. Sunansa na yanka Kong Qiu. Ana kiran sa Kong Fuzi, wato Malam Kong, kuma wannan laƙabi ne limaman Kirista na Turai suka juya zuwa Latin har ya zama Kwanfushiyas. Mahaifinsa soja ne, ya rasu yaron yana da kimanin shekara uku, saboda haka ya tashi cikin talauci a hannun mahaifiyarsa. Da ya girma ya yi aikin tsaron rumbunan hatsi da kula da dabbobi, yana kuma nazarin tarihi da waƙoƙi da ladubban magabata.

Zamaninsa da Aƙidun Mutanensa

A lokacinsa daular Zhou ta yi rauni, sarkinta ya zama na suna kawai. Ƙasa ta rarrabu zuwa ƙananan masarautu masu yaƙar juna, a Lu kuwa wasu manyan gidaje uku ne suka ƙwace iko daga hannun mai mulki.

Sinawan wancan zamani sun yi imani da wani iko maɗaukaki da suke kira Tian, wato Sama. A ganinsu Sama ce ke bai wa sarki izinin mulki, tana kuma janye shi idan ya yi zalunci. Haka nan suna girmama kakanninsu da suka mutu, suna miƙa musu hadaya ta abinci da abin sha. Kwanfushiyas bai rushe waɗannan aƙidu ba, kuma bai yi da'awar annabta ba. Ya ɗauki kansa a matsayin mai isar da gadon magabata. Sai dai bai cika zurfafa magana a kan iskoki da lahira ba, ya fi mai da hankali ga zamantakewar masu rai.

Muƙami da Gudun Hijira

Yana da kimanin shekara 50 aka ba shi mulkin garin Zhongdu, daga baya ya zama ministan shari'a na Lu. Ya yi ƙoƙarin rage ƙarfin manyan gidajen nan uku bai yi nasara ba. A shekara ta 497 kafin Miladiyya ya bar ƙasarsa tare da wasu almajiransa. Ya shafe shekara goma sha uku yana ƙetare iyakoki, ya zauna a Wei, ya ratsa Song da Chen da Cai, yana neman sarkin da zai yi aiki da shawararsa. Waɗannan masarautu al'adunsu kusan ɗaya ne, mulki ne ya raba su, kamar yadda mutumin Katsina zai ƙetare iyaka a Jibiya ya nufi Maraɗi, ya tarar da 'yan uwansa ƙarƙashin wata hukuma. An karɓe shi a wasu fadoji, amma babu wanda ya danƙa masa ragamar mulki. A tsakanin Chen da Cai har guzuri ya taɓa ƙare musu.

Ya koma Lu a shekara ta 484, ya duƙufa ga koyarwa. Ɗansa da almajirinsa mafi soyuwa gare shi, Yan Hui, duk sun riga shi mutuwa. Ya rasu a shekara ta 479, ba tare da ya ga wani sarki ya bi tafarkinsa ba.

Koyarwarsa

A zamanin da ilimi ya fi zama na 'ya'yan sarauta, shi bai kori almajiri don talauci ba. Ko ƙullin busasshen nama mutum ya kawo ya wadatar. Yakan ba almajirai biyu amsa daban ga tambaya ɗaya, ya zaburar da mai nawa, ya ja linzamin mai gaggawa. Masanin tarihi Sima Qian ya ruwaito cewa almajiransa sun kai 3,000, daga ciki 72 suka yi fice.

Ginshiƙan koyarwarsa su ne ren, wato mutuntaka da tausayi. Li, ladubba da ƙa'idojin bukukuwa. Da xiao, biyayya ga iyaye. Kalmar junzi, wadda asalinta ke nufin ɗan sarauta, ya mai da ita sunan duk mutumin kirki. Wani batu da zai ja hankalin ɗalibin harshe shi ne daidaita sunaye: dole suna ya dace da aikin mai shi, domin idan kalmomi suka rabu da ma'anarsu, magana ta lalace, shari'a ma ta bi ta.

Bayan Rasuwarsa

Almajiransa da nasu almajiran sun tattara zantukansa a littafin Lunyu. A shekara ta 136 kafin Miladiyya Sarki Wu na daular Han ya naɗa malamai na musamman don koyar da littattafan da ake dangantawa da mazhabarsa. Daga baya waɗannan littattafai suka zama tushen jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wadda aka soke a 1905. Koyarwarsa ta bazu zuwa Koriya da Japan da Biyetnam. Masu suka sun zarge ta da danne mata da matasa, kuma a 1966 matasan juyin juya halin al'adu suka lalata kabarinsa. A 1994 hukumar UNESCO ta sanya haikalinsa da maƙabartar zuriyarsa a Qufu cikin wuraren tarihi na duniya.

Kammalawa

Kwanfushiyas ya mutu yana ganin burinsa na gyara mulki bai cika ba. Sarakunan da suka ƙi shi, yau sai masana tarihi ne suka san sunayensu, alhali shi ana tunawa da shi ta hanyar almajiran da ya tarbiyyantar.