Likita Grantly Dick-Read, Wanda Ya Yaƙi Tsoron Haihuwa

Mu da mu ke hidimar ekklesiya a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, kira iri biyu ne ya kan same mu daga gidan mai ciki. Wani na suna ne, mu je mu yi addu'a, mu ci tuwo, mu yi murna. Wani kuwa na jana'iza ne, a kai uwa kabari, wani lokaci har da jaririnta. Domin wannan muka ga ya kamata a wannan wata mu ba ku labarin wani likita Bature wanda ya shafe kwanakinsa a kan sha'anin haihuwa. Shi ba mishan ba ne, ba kuwa fasto ba. Amma ya gane wata gaskiya, ya kuma yi wani kuskure, dukansu biyu kuwa da abin koyo a ciki.

An haifi Grantly Dick-Read ran 26 ga Janairu, 1890, a wani ƙaramin gari da a ke kira Beccles, a gabashin Ingila. Ubansa mai injin niƙa alkama ne. Yaron ya girma a ƙauye, yana ganin yadda dabbobi su ke haihuwa. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya tafi babban asibitin Landan da ke unguwar Whitechapel domin koyon aikin likita. Ya gama a shekarar 1914.

A zamanin nan matan Ingila suna jin tsoron haihuwa ƙwarai. Tun shekarar 1847 wani likita a Edinbara, mai suna James Simpson, ya fara ba mata maganin sa barci da a ke kira kulorofom a lokacin naƙuda. Sarauniya Biktoriya da kanta ta shaƙa a shekarar 1853. Daga nan abin ya bazu, har ya zama mace ta kan farka ta tarar an riga an ciro ɗanta, ba ta san yadda aka yi ba.

Whitechapel unguwar talakawa ce. Wata rana da dare, ana ruwa, aka kira wannan saurayi zuwa wani ɗaki inda wata mace ta ke naƙuda. Ɗakin ba kome sai gado da kyandir, taga kuma a fashe. Da haihuwa ta matso, sai ya miƙa mata maganin barci kamar yadda aka koya masa. Matar ta kau da kai, ta ƙi. Ta haifi ɗanta lafiya, cikin natsuwa. Da zai tafi ya tambaye ta dalilin ƙinta. Ta amsa masa cewa ita ba ta ji zafi ba, ta kuma tambaye shi ko dā ma an yi haihuwa domin ta yi zafi ne. Ya rasa amsa. Wannan tambaya ta talaka ita ce ta bi shi har ƙarshen ransa.

Kafin ya sami amsar, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ya shiga aikin likitan soja, aka yi masa rauni mai tsanani a Galifoli a shekarar 1915, daga baya ya yi aiki a Faransa. A can ne ya san tsoro a jikinsa. Ya ga yadda tsoro ya kan ɗaure mutum, numfashi ya sarƙe, jiki ya sandare. Da aka gama yaƙi ya koma aikin likita a garin Woking, ya riƙa zama kusa da mata masu naƙuda, yana lura.

Ga abin da ya gane. Mahaifa tsoka ce mai aiki. Waɗansu tsokokinta suna turo jariri, waɗansu kuma suna riƙe bakinta a rufe har lokaci ya yi. Idan mace ta firgita, sai jikinta ya ɗaure, bakin mahaifa ya ƙi saki, alhali na sama suna ta turowa. Kamar mutum biyu ne a ƙofa ɗaya, wannan yana turawa, wancan yana tokarewa. Ta haka tsoro ya kan kawo ɗaurewa, ɗaurewa ta kawo zafi, zafi kuma ya ƙara tsoro. Maganin da ya bayar kuwa ba na kwalba ba ne. Ya ce a koya wa mace tun tana da ciki abin da zai faru a jikinta, a koya mata numfashi a hankali da sakin jiki, kada kuma a bar ta ita kaɗai a ɗaki. Bai hana magani ba idan akwai bukata. Abin da ya ƙi shi ne a tilasta wa macen da ba ta so.

A shekarar 1933 ya buga littafinsa na fari a kan wannan. Abokan aikinsa ba su yi murna ba. Waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce yana so ya mai da mata zamanin wahala. Bai fasa ba. A shekarar 1942 ya buga na biyu, wanda aka sani a duniya da sunan Childbirth Without Fear, watau haihuwa ba tare da tsoro ba. Likitoci suka yi shiru, amma iyaye mata suka karɓa hannu biyu, suka yi ta aiko masa da wasiƙu, aka kuma juya littafin cikin harsuna da yawa.

Akwai wata magana da ta tsaya masa a gaba, ita ce ta Farawa 3:16. Mutane da yawa sun ɗauka cewa Allah ya la'anta mace da azaba, don haka neman sauƙi saɓo ne. Dick-Read mutum ne mai gaskata cewa haihuwa aikin Mahalicci ne, sai ya nemi sanin abin da Ibrananci ya ce. Mu ma da muka yi makarantar Littafi Mai Tsarki mun duba. Kalmar da aka faɗa wa Hawwa'u a aya ta 16, ita ce aka faɗa wa Adamu a aya ta 17 a kan noma. Ma'anarta wahala ce da aiki mai tsanani. Abin da aka la'anta a wannan sura maciji ne da ƙasa. To, wane manomi ne a fadamar Bakura ya ke ƙin garmar shanu domin an ce zai ci abinci da gumi? Wa ya ce ruwan madatsar Bakolori saɓo ne domin ya sauƙaƙa noman rani? Idan an yarda namiji ya nemi sauƙin wahalarsa, don me za a hana mace? Ubangijinmu Yesu ma, cikin Yohanna 16:21, bai ɓoye wahalar mai naƙuda ba, amma ya nuna ƙarshenta farin ciki ne.

A shekarar 1948 Dick-Read ya ƙaura zuwa Afirka ta Kudu, ya yi aiki a Johannesbag. A shekarar 1953 ya yi doguwar tafiya cikin ƙasashen Afirka domin ya ga yadda matan ƙauye su ke haihuwa, sa'an nan ya koma Ingila. A ƙarshen kwanakinsa ne girma ya same shi. A shekarar 1956 Paparoma Fiyus na 12 ya yi jawabi ga likitoci, ya nuna cewa Littafi Mai Tsarki bai hana neman sauƙin naƙuda ba. A wannan shekara kuma wata mace mai suna Prunella Briance, wadda ta rasa jaririyarta wajen haihuwa, ta kafa ƙungiyar koya wa mata hanyarsa a Ingila, aka naɗa shi shugabanta na fari. Ya rasu ran 11 ga Yuni, 1959, a garin Wroxham, yana da shekara 69. Bayan mutuwarsa, a shekarar 1963, wata Kirista a Amurka mai suna Helen Wessel ta rubuta littafi domin iyalan masu bi, ta haɗa koyarwarsa da ta Littafi Mai Tsarki.

Yanzu fa sai mu faɗi kuskurensa, gama mutum tara ya ke, bai cika goma ba. Ya ɗauka cewa matan Afirka na ƙauye suna haihuwa da sauƙi, ba tsoro, ba zafi. Da ya zauna tare da mu, da ya san ba haka ba ne. Shirun da ya gani, mu mun san sunansa, kunya ce. Yarinya mai cikin fari ta kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Naƙuda ta kama ta, ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta cije, domin kada a ce ta yi raki. Ta kwana, ta wuni, ta sāke kwana, ba wanda ya sani. Kafin a nemi mota, ɗa ya mutu a ciki, ita kuwa ko ta bi shi, ko ta tashi da yoyon fitsari, a kai ta Babbar Ruga a Katsina neman gyara. Wani likita ɗan Nijeriya, Farfesa Kelsey Harrison, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya buga sakamakon a shekarar 1985. Ya tarar mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awon ciki ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka kawo su.

Ashe tsoro iri iri ne. Baturiya ta ji tsoron zafi, ta nemi a sa ta barci. Tamu kuwa tana tsoron bakin mutane, tana tsoron asibiti, miji kuma yana tsoron kuɗi. Amma maganin ɗaya ne, watau sani da zumunci. Binciken da aka yi bayan mutuwar Dick-Read ya tabbatar da cewa macen da ta sami mai zama kusa da ita tun farkon naƙuda har ƙarshe ta fi samun sauƙi. Sai dai sakin jiki ba ya gyara kwanciyar ɗan da ya zo a gicciye, ba ya kuwa tsai da jini. Idan naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko fuska da hannuwa sun kumbura da ciwon kai mai tsanani, ko jijjiga ta zo, ba sauran jira. A yi addu'a a kan hanya.

Dick-Read ya kuma nace cewa a ba uwa ɗanta nan da nan, ta rungume shi, ta sa shi a nono. A shekarar 1957 ya je Amurka ya yi wa wata sabuwar ƙungiyar iyaye mata masu shayarwa jawabi, wadda mata bakwai 'yan Katolika suka kafa a shekarar 1956, sunanta La Leche League. A nan mu Hausawa mun riga Turawa, gama iyayenmu sun saba shayarwa har kusan shekara biyu. Amma muna da namu laifi. A gidaje da yawa a kan matse dakashi a zubar, a ce ba shi da kyau, a ba jariri ruwa ko madarar dabba har kwana uku. Alhali wannan nonon fari mai kauri shi ne rigakafin da Allah ya shirya wa jariri. Tsotsonsa kuma yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla, ko ruwa babu, har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci har shekara 2 ko fiye. Kada a ce zafin bazara na ƙasarmu ya yi yawa. Uwa ta sha ruwa, nono ya ishe shi. A yi hankali kuma da kunun kanwa mai yawa da zafin wankan jego fiye da kima, gama tun wajen shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka kuwa yi zargin waɗannan biyu.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan aiki ba. Ya ambaci sunayen ungozomai biyu, Shifra da Fu'a, waɗanda suka ji tsoron Allah fiye da Fir'auna. Uwar Musa ce ta shayar da shi. Hannatu ba ta kai Sama'ila Shilo ba sai da ta yaye shi.

To, me za mu yi? Ku zumuntar mata, ku roƙi ungozomar asibiti ta zo ta koya muku, ku kuwa kira 'yan mata masu cikin fari su zauna a gaba. Ku tsofaffi, ku faɗa wa 'ya'yanku cewa kiran taimako ba raki ba ne. Ku maza, wanda ya iya kai buhun shinkafa kasuwar Mafara ran Talata, ya iya kai matarsa awo. Ku ajiye kuɗin mota tun ciki yana wata 7, ku san direban da za ku tasa da dare, balle da damina sa'ad da hanya ta kan yanke. Ku dattawan ekklesiya, ku tanadi wani abu cikin baiko domin irin wannan rana, kada kuma ku tsaya tambaya ko maƙwabciyar da ta ke naƙuda tamu ce ko ba tamu ba ce.

Wata talaka a ɗaki mai fasasshiyar taga ta yi wa likita tambaya, shi kuwa bai raina ta ba, ya saurara. Mu ma bari mu saurari matanmu tun suna da bakin magana. Allah ya sauke masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya sa kiran suna ya fi yawa a cikinmu. Amin.