Anton de Bary, likitan da ya koma duba ciwon shuka

An haifi Anton de Bary a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus ran 26 ga watan Janairu 1831. Aikin likita ya karanta, ya kammala a Balin a shekara ta 1853, amma bai daɗe ba ya bar duba marasa lafiya ya koma binciken tsirrai.

A zamaninsa masana da dama sun ɗauka ruɓewar shuka ce ke haifar da funfuna. A 1861 ya nuna akasin haka: wata halitta mai kama da funfuna ce ke kashe dankalin turawa. Cutar ce ta jawo yunwar ƙasar Ailan tun daga 1845, wadda ta hallaka mutane kimanin miliyan ɗaya. A 1886 kuma ya nuna funfunar Sclerotinia na fitar da sinadarin inzayim da ke narkar da jikin shuka.

Ya rasu a Strasbourg ran 19 ga Janairu 1888. Bayansa masana sun juya makamin kan mai shi: funfunar ƙasa Trichoderma na fitar da inzayim mai narkar da bangon funfunar da ke ɓata amfanin gona. Manoma na cakuɗa ta da iri don rage maganin feshi.