TARIHIN EDWARD BARNARD, MAI ƊAUKAR HOTON TAURARI

An haifi Edward Emerson Barnard ran 16 ga Disamba, 1857, a birnin Nashville cikin jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Ubansa ya rasu tun yana ciki, ya bar uwar da talauci mai tsanani. Yaron bai yi wayo ba sai yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861. Saboda haka bai sami zaman makaranta na kirki ba, uwarsa ce ta koya masa karatu a gida.

Yana wajen shekara tara aka kai shi aiki gun wani mai ɗaukar hoto. A bisa rufin gidan akwai wata ƙatuwar na'ura wadda ake ƙara girman hotuna da ita ta hanyar hasken rana, kuma tilas ne bakinta ya riƙa bin rana duk inda ta karkata. Aikin Barnard ke nan, ya wuni yana juya ta sannu sannu, ba gyangyaɗi, ba duban gefe. Ya yi kimanin shekara 17 a wannan gida, ya san gilashi, ya san magungunan wanke hoto, ya kuma koyi haƙurin da ya ci gajiyarsa har ƙarshen ransa.

A 1876 ya sayi madubin hangen nesa mai faɗin gilashi inci 5 a kan dala 380, watau fiye da rabin abin da yake samu a shekara. A zamanin nan wani attajiri mai suna Warner yana ba da dala 200 ga wanda ya fara ganin sabon tauraro mai wutsiya. Barnard ya auri Rhoda Calvert a 1881, kuma da irin wannan kyauta ya riƙa biyan bashin gidan da suka gina. Jami'ar Vanderbilt ta ɗauke shi a 1883, daga nan aka kira shi sabon gidan duban taurari na Lick, a kan Dutsen Hamilton cikin Kalifoniya.

To, a nan ne ya yi zaɓin da ya sa muke ba da labarinsa. Madubin hangen nesa iri biyu ne. Akwai mai tara haske da madubi mai kwarmi, akwai kuma wanda haske ke ratsa gilashi a bakinsa ya taru a gindi. Na Lick irin na biyun ne, faɗin gilashinsa inci 36, tsawon bututunsa fiye da ƙafa 50, babu kamarsa a duniya sa'an nan. Amma dogon madubi, ko da yake yana kawo abu kusa ƙwarai, ɗan ƙanƙanin wuri yake nunawa a sama, kamar mai leƙen fili ta kafar ƙofa. Barnard kuwa abin da yake so ya ɗauka shi ne farin zanen nan da ke ratsa sama cikin daren da babu wata, wanda Turawa ke kira Hanyar Madara. Abu mai faɗi haka dogon madubi ba ya iya kama shi.

Sai ya koma ga sana'arsa ta ƙuruciya. A Lick akwai wani tsohon gilashi na ɗaukar hoton mutane, mai tambarin Willard, faɗinsa inci 6, tazarar da yake tara haske inci 31 kacal, watau wajen ninki biyar na faɗinsa. Gilashin da tazararsa ke gajere haka yana kama fili mai yawa, yana kuma tara haske da sauri a kan farantin hoto, har abin da ke dushi-dushi ya fito. Aibinsa shi ne taurarin da ke gefen faranti su kan fito da ɗan bazuwa. Barnard ya yarda da wannan hasara domin ribar ta fi ta. A 1889 ya soma aiki da shi. Hoto ɗaya ya kan ci sa'a uku ko huɗu, shi kuwa yana tsaye cikin sanyi, idonsa a kan tauraro guda ta wani madubi da aka ɗaura a gefe, yana gyara na'urar kada ta kauce. Hotunan suka nuna taurari cunkushe kamar gajimare, da waɗansu wurare baƙi ƙirin a tsakaninsu.

Ba su shirya da shugabansa Edward Holden ba, sai a 1892 aka ba shi dare ɗaya a mako a kan babban madubin. Ran 9 ga Satumba na shekarar ya gano wata na biyar mai kewaya Mushtari, alhali tun Galileo a 1610 huɗu kaɗai aka sani. Cikin Oktoba kuma ya gano tauraro mai wutsiya a jikin hoto, shi ne na farko da aka gano ta haka.

A 1895 ya koma Jami'ar Shikago, aka sa shi a gidan duban taurari na Yerkes, inda aka kafa madubi mai inci 40. Duk da haka ransa yana ga gajeren gilashi. Wata mata mai dukiya, Catherine Bruce, ta ba da dala 7,000 a 1897 don a yi masa irin wanda yake so. Ya yi shekaru yana gwada gilasai yana ƙi, kana ya zaɓi na John Brashear mai faɗin inci 10 da tazarar inci 50. An gama haɗa na'urar a 1904, a 1905 ya ɗauke ta zuwa Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya yi watanni yana ɗaukar sashen kudu na Hanyar Madara.

Baƙaƙen wuraren nan sun daɗe suna damunsa. Da fari ya ɗauka ramuka ne inda babu taurari, kamar yadda magabata suka zata, kuma bai yi saurin barin wannan ra'ayi ba. Sannu a hankali hotunansa suka rinjaye shi, ya yarda da yawansu duhun wani abu ne da ya tare hasken taurarin da ke bayansa. Yau an tabbata gajimaren ƙura da iska ne, a cikinsu ake haifar sababbin taurari. A 1919 ya buga jerin guda 182, har yanzu kuwa da lambarsa ake kiransu. A 1916, wajen gwada sabon faranti da tsoho, ya gano wani ɗan jan tauraro wanda ya fi kowane saurin sauya wuri a sama, aka sa masa sunansa.

Ciwon sukari ya kama shi, matarsa ta rasu a 1921, shi kuma ya bi ta ran 6 ga Fabrairu, 1923, aka binne shi a Nashville. Babban littafinsa na hotuna 50 bai fito ba sai 1927, Edwin Frost da Mary Calvert, 'yar ɗan'uwan matarsa, suka ƙarasa shi. Kofe 700 aka yi, kowane hoto na ainihi ne aka manna, domin Barnard bai amince injin ɗab'i zai fid da su daidai ba, kuma kafin ya rasu ya duba su ɗaya bayan ɗaya, wajen 35,000.