Ezana, Sarkin Aksum

A cikin sarakunan Habasha na da, Ezana ne wanda ya fi barin sawu a tarihi. Ya yi sarauta a birnin Aksum a ƙarni na 4 bayan haihuwar Annabi Isa, tun daga wajen shekara ta 320.

Birnin Aksum yana bisa tuddai masu tsayin fiye da mita 2,000, inda ruwan sama ke wadatar da manomi. Amma arzikinsa na ainihi a gaɓar Bahar Maliya yake, a tashar Adulis, cikin ƙasar Eritariya ta yau, tafiyar kwana 8 ga ayari. Jiragen da ke kai da komo tsakanin Masar da Indiya suna yada zango a nan, su sauke tufafi da ƙarau da kayan ƙarfe, su ɗauki hauren giwa da ƙahon karkanda. Sarkin da ya riƙe tudu ya riƙe gaɓa, shi ke cin kuɗin fito.

Ta wannan hanya ta teku sabon addini ya shigo. Wani yaro Kirista, Furumantiyus, mutumin Sur ta ƙasar Lubnan, an kama shi a jirgin da ya tsaya a gaɓa, aka kai shi fada bawa. Da mahaifin Ezana ya rasu, ɗan yana ƙarami, uwarsa ta riƙe mulki, baƙon nan kuwa ya zama malamin yarima. Daga baya ya tafi Iskandariya, inda Atanasiyus, shugaban Kiristocin Masar, ya naɗa shi babban limamin Aksum.

Shaidar juyawar sarki tana jikin kuɗinsa. Na farkon mulkinsa suna ɗauke da jinjirin wata da faifai, alamar gumakan kakanninsa, lokacin da yake kiran kansa ɗan Maharam, gunkin yaƙi. Na baya kuwa gicciye ne a kansu. Ko imani ne ya ja shi ko lissafin kasuwa, tun da manyan abokan cinikinsa Rumawa sun soma bin wannan addini, masana ba su daidaita ba. Mai yiwuwa duka biyun ne. Amma bai zama yaron Rum ba. Wajen 356 sarkin Rum Kunstantiyus ya aiko masa takarda a mayar da Furumantiyus Masar a sake bincikar aƙidarsa. Ba a mayar da shi ba.

Ezana mayaƙi ne kuma. Wajen 350 ya kai yaƙi yamma har kogin Nilu, ƙasar Nuba da Kush, ya sa aka sassaƙa labarin yaƙoƙinsa a duwatsu da Yunananci da harshen Gi'iz.

Cocin da aka kafa a zamaninsa ya ci gaba da karɓar shugaba daga Iskandariya har 1959, sa'ad da Habasha ta sami nata. Magajin gadonsa ne kuma Najjashi, wanda ya sauki sahabban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da suka yi hijira daga Makka a 615, ya hana Ƙuraishawa su tafi da su.